Murfin Tagulla

Ni ne mutumin da ya kama lafiyayyar mota ya kwance ta gunduwa-gunduwa a tsakar gida, yana neman cutar da shi da kansa ya sa mata. In za a jera wawayen Arlit na wancan zamani, kada a kai ni baya, wurina yana sahun gaba. Lakwal aji biyu na yi, mushe, malamin ajinmu, ya gaji da ni kafin in gaji da shi, amma ba ƙarancin karatu ne ya kayar da ni ba. Gaba ce da maƙwabci, da wani murfin tagulla wanda har yau in na tuna kyansa sai in ji kamar in yafe masa.

Daga Damagaram na hau arewa lokacin da kamfanin uraniyom yake ɗaukar duk mai hannu biyu. Aka sa ni a garaji. In na je gida hutu cewa nake ni makanike ne, amma aikina wankin motoci ne da shafa gires da shara. Sai dai ina da ido. Makanikai na aiki, ni ina bayansu da tsintsiya ina kallon abin da suke cirewa da abin da suke mayarwa, ban taɓa tambayar dalili ba don kada a gane ban sani ba. Karatu ɗaya ne ya zauna mini daram a wurin, wato yoyo laifi ne. Duk inda ruwa ko mai ko iska ke tsira, shugaban garaji zai tsaya a kansa yana ihu har sai an ɗaure, an sa roba, an ƙara ɗaurewa. Da wannan karatun na fito, na ɗora shi a ka kamar hula.

Da kasuwar uraniyom ta faɗi aka shiga sallamar ma'aikata, da masu tsintsiya aka fara. Abin da na tsira da shi wata tsohuwar mota ce kat-kat ta wani Nasara da ya koma ƙasarsu ya bar ta a kan duwatsu. Ta girmi aurena. Ƙofar direba da igiya ake ɗaure ta, allurar mai ta mutu tun kafin in san ta, da kara nake auna tanki. Amma ranar da na tashi injinta ya yi wata murya mai kauri da ta sa na zauna a ƙasa ina dariya ni kaɗai. A ranar na aika gida cewa na yi mota. Ina da kawunnai da suke cewa na tafi arewa wankin tayar Nasara, kuma gaskiya suka faɗa, shi ya sa abin ya yi mini zafi. Na rantse sai na shiga garinmu da ita ina riƙe da sitiyari, in tsaya ƙofar gidan babbansu in yi ta danna oda har ya fito. Wasu burinsu Makka, ni nawa ke nan.

Katanga ɗaya ce ta raba ni da wani Ba'adare, dogo, busasshe, mai sayar da isansi, wato fetur, a kwalabe da jarkokin da muke ce wa bido. Daga wajen Assamakka ake kawo masa man a ganguna, ba a tambayar ta wace hanya. Yana da akuya ɗaya da itacen dogon yaro ɗaya. A gwangwanin madara ya taho da itacen daga Tawa, ya dasa shi jikin katangarmu, da ruwan alwalarsa ya rene shi. Har a shekarar babban fari, da Buzaye suka shigo gari babu raƙumi babu tunkiya suka kafa bukkokin kwali a bayan unguwa, itacen nan bai kwana da ƙishi ba. Wanda bai zauna Arlit ba ba zai gane ba. A can mai inuwar itace kamar mai gidan bene ne.

Ni kuma in na juye baƙin man inji, gindin katanga nake zubarwa, ta ɓangarena. Ai ƙasata ce. Ganyen ya yi rawaya, ya zube, itacen ya tsaya tsirara. Har gobe ina cewa da ma can ba shi da lafiya. Shi kuwa ya bari sai da aka idar da la'asar, maza na zaune ƙofar masallaci, ya ɗaga kai sama ya ce da ƙarfi:

"Wanda ya ƙare ƙuruciyatai wajen wankin taya, ina shi ka sanin abu mai rai?"

Aka yi dariya. Maganar kawunnaina ce ta biyo ni har cikin hamada. Daga ranar na ɗauke masa sallama. In mun haɗu a lungu in kalli katanga, in sahu ya haɗa mu in matsa wani ya shiga tsakani. Matanmu dai ba su shiga ba, gishiri da garwashi suka ci gaba da ƙetare katanga kamar ba a yi komai ba.

Wahalar ita ce duk unguwar shi kaɗai ke da mai, gidan man gari kuwa tun da aka fara maganar tawaye ya fi zama a bushe. Dole in je wurinsa. Sai mu yi ciniki ba magana. In dire bido, in ɗaga yatsu, ya zuba. Gangarsa baki biyu gare ta, babba da ƙarami. Kullum kafin ya karkata ta sai ya sassauta ƙaramin, ta yi "tsss", sannan man ya zubo sumul ta babban. Na ga wannan sau ba adadi. Amma ni hannunsa nake kallo, ko zai tauye mini mudu.

Da yake ba ma magana, shi da akuyarsa yake yi, ni da motata.

"Akuya, gusa," in ji shi, "shef garaji na son wuri."

Ni kuma in na koma gida in bubbuga kapo, murfin injin motar, in ɗaga murya yadda za ta haye katanga: "Sha a hankali, ƴar albarka, ba mu san abin da aka dama a ciki ba."

Murfin tankin na asali ya ɓace tun zamanin Nasaran, tsumma nake cusawa. Sai na lura man na raguwa ko ban je ko'ina ba. In auna da kara da yamma, da hantsi in ga ya sauka. Yanzu na san a zafin Arlit isansi na bin tsumma ya tafi abinsa, amma ban ce na wanke Ba'adaren ba. A lokacin ban ma yi shakka ba. Mai tiyo, mai dogon hannu, katanga gajeriya, me kuma ake nema?

Na shiga kasuwar ƴan ƙarafa, inda ake zube tarkacen da ya fito daga kamfani, na tono wani murfin bututu na tagulla mai nauyi kamar dutsen guga. Na kai wa mai walda ya yi wa bakin tankin zare daidai shi, ya maƙala kunne na kwaɗo. Na yanko robar cikin taya na shimfiɗa a ciki, na ƙara wata a kanta. Da na ɗaure shi da kile, wato sifana, na busa hayaƙin taba a gefensa ina kallo, ko alamar motsi babu. Na goge shi da toka da tsamiya har yana ɗaukar ido. Duk motar babu abin da ya kai shi kyau. Na ce wa motar, da ƙarfi, "To, yanzu mai tiyo ya tsotsi yatsansa."

A cikin gari lafiya lau take. Kwalba ɗaya ko biyu nake zuba mata, in kai ruwa bukkoki, in ɗauko bulo, in dawo. Ba ta taɓa tari ba.

Sai tawaye ya yi tsanani. Hanyar Agadas ta zama ba a binta sai a ayari, soja gaba soja baya, abin da muke ce wa kombuwa. Yau a ce an tare kamiyo, babbar motar kaya, gobe a ce an kwashe wasu daga unguwa an tafi da su bariki. Mutumin da kuke shan shayi tare jiya, yau kowa na kallon rawanin ɗan'uwansa. Mutanen kudu suka fara ɗaure kaya. Mai ɗakina, mace ce da ba ta maimaita magana, ta ajiye mini tuwo ta ce:

"Malam, ni dai a kai ni gida."

Na ce, "Da motarki za ki shiga gida, kina gaba, kina ɗaga wa mutane hannu."

Muka yi ban kwana da unguwa. Ta rabar da randarta da murhunta da kajin da ba za su shiga kwando ba. Ni kuma na yi abin da mai hankali ke yi kafin doguwar tafiya, na cika tanki har wuya, na ɗaure murfina tamau na sa kwaɗo. Gado, katifa, turmi, akwati, duk na ɗora. Da safe muka shiga layi a shingen soja. Ajidan, babban sojan da ke jagorantar rakiya, wani gajere mai jan ido, ya bi motoci yana faɗa: wanda tasa ta mutu, shi ya sani, ba a tsayawa.

Muka tashi. Iska na shigowa, injin na waƙa, har na fara shirya kalmomin da zan gaya wa kawuna. Tulin ƙasar kamfani bai gama ɓacewa a bayanmu ba ta yi tari. Na taka, ta ja, ta sake tari, ta yi shiru. Na gangara gefe. Motoci suka yi ta wuce mu, motar soja ta ƙarshe ta wuce, wani a bayanta ya ɗaga mana hannu kamar masu rakiya.

Abin da na fara yi, don a ga irin kan da nake da shi: na buɗe kwaɗo in ga ko ɓarawon ya san wata dabara. Ina sassauta murfin ya ja wata doguwar ajiyar zuciya, "tsssss", kamar tsohuwa ta sauke tulu. Na zura kara, mai na nan cike. Na ce wa mai ɗakina, "Kin ji ko? Man banza ne ya sayar mini, har huci yake." Na mayar da murfin na ɗaure. Sannan na buɗe kapo na kwance karbirato a kan zanenta, na hure ƴan ramukansa da baki ɗaya bayan ɗaya, ina yi ina waige, don ko'ina duwatsu ne baƙaƙe kuma kowane dutse kama yake da mutum a tsugune. Na haɗa, na murɗa, ta tashi tun kafin in saki makulli.

"Kin gani? Datti ne."

Kombuwa ya yi nisa, ba mai bin hanyar nan shi kaɗai, sai muka juya. Motar ta kawo mu har lungunmu, ta zaɓi daidai ƙofar gidan Ba'adaren ta sake mutuwa. Yana zaune a kan benci da kwalabensa. Na sauko na tura, turmi na rawa a sama, matan da muka yi wa ban kwana suna leƙowa.

"Akuya," in ji shi, "ashe Damagaram kusa ta ke. Ga su sun tahi sun komo, ko shayi bai huce ba."

Da na shigar da ita gida na sake buɗe murfin don in zuƙe mugun man. Ya sake yin hucin nan nasa. Ta bayan katanga na ji mutumin ya yi wata ƴar gajeriyar dariya ta hanci. Na ɗauka dariyar mugunta ce kawai. Ashe a wannan lokacin ya gama gano cutar, ko ganin motar bai yi ba.

Daga nan na buɗe asibiti. Babu abin da ban tuhuma ba a cikin injin nan. Na cire buji, wato fulogai, na kankare su da wuƙa. Na riƙe wayar wuta da hannu na sa mai ɗakina ta murɗa makulli don in ji ko wuta na zuwa, ta zo kuwa, ta jefa ni kan kwandon kaji. Na tsotsi tiyon mai da baki har abinci ya daina yi mini ɗanɗano. Na kara turnabis, ƙarfen kwance ƙusa, a kunne ina sauraron cikin injin kamar likita, ban san abin da nake son ji ba, amma ina gyaɗa kai saboda masu leƙe. Na naɗe bobin, kwayil ɗin wuta, da jiƙaƙƙen tsumma wai zafi ke damunsa. Pompon mai na buɗe shi na rufe har kusoshinsa suka gaji. Farantin tuwonmu ya koma na wankin ƙarafa, kallabinta na zuwa biki ya zama matacin isansi. Duk abin da na taɓa, in na tashi motar na zaga gari da kwalba ɗaya sai in ji ta lafiya, in ce to wannan ne, na kama shi.

Bakina kuma bai zauna ba. A kasuwa, a tasha, a ƙofar masallaci, na yi ta faɗa cewa man Ba'adare rabi ruwa ne rabi kananzir, ya kusa sa a yanka ni da iyalina a daji. Maganar ta kama. Masu babur suka fara wuce bencinsa. Ina ganinsa zaune da kwalabe a rana, babu itace babu mai saye, wallahi daɗi nake ji. Ko akuyar bai gaya wa komai ba, ni kuma na ɗauka na gama da shi.

Da aka sa ranar wani kombuwa, na tafi har Akokan na sayo mai a hannun wanda bai san shi ba. Na tace da kallabi, na cika tanki har ya kusa zubowa, na ɗaure murfina. Wannan karon ba mu yi ban kwana da kowa ba. Na yi sammako don in sami wuri mai kyau, na samu kuwa, tsakiyar layi, kamiyo gaba kamiyo baya.

Kusan a wurin farko ta yi tarin nan. Sai dai yanzu kwalta ta ƙuntata, yashi ya ci gefe da gefe, babu inda zan gangara. Ta mutu a tsakiyar hanya. Na bayana ya taka birki, na bayansa ya taka, rabin ayarin ya tsaya cak tsakanin duwatsu, a irin wurin da ƴan tawaye ke so. Sojoji suka diro suna ihu, suka kwanta a ƙasa bindigogi na kallon tudu. Mata suka fara salati a cikin motoci. Ajidan ya iso a guje, ya fizge igiyar ƙofata, ya jawo ni ta wuyan riga.

"Kai kuma? Kai ne na rannan! Wa ya aiko ka ka tsayar mini da mutane a nan?"

"Ranka ya daɗe, karbirato ne..."

Marin da ya yi mini sai da hulata ta tafi ƙarƙashin kamiyo. Ya sa ni na durƙusa a kan kwalta hannuwa a ka, bakin bindiga a ƙeyata, mai ɗakina na kallo. Ya tambaye ni ɗan ina ne, da wa nake shan shayi, su wa nake kai wa ruwa a bukkokin Buzaye. Direbobin da na tare wa hanya babu wanda ya ce a yi haƙuri, zagina suke ta taga, wani ya ce a ƙone akwalar da mai ita a ciki. Daga ƙarshe sojoji suka tura ta cikin yashi. Ajidan ya nuna ta da yatsa ya ce in ya sake ganinta a layinsa, da hannunsa zai cinna mata wuta.

Suka tafi. Na tashi ina kakkaɓe gwiwa, na buɗe kwaɗo, murfin ya yi hucinsa, na auna, na rufe, na kwance pompon mai. Ta tashi. Mai ɗakina tana zaune a kan akwati, hawaye na zuba amma fuskarta kamar dutse.

"Ba man maƙwabci ba ne wannan," ta ce.

"Na sani. Ya wuce nan. Sammu ya yi mata."

Na faɗa, kuma na yarda da abin da na faɗa. Da muka koma na ɗaga kujeru, na zazzage katifunsu ina neman laya. Abin da na samu tsohon matajin Nasara ne da murfin kwalba. Na turara motar da hayaƙi, na tofa mata abin da na iya. Da rana tsaka aka yi harbi a bakin kasuwa, mutane suka watse suka bar takalma, ni ina ƙarƙashin mota ina duba ko an ɗaura mata wani abu a ciki.

Ban san mai ɗakina ta zaga gidan maƙwabci ba sai da ta dawo da magana a ƙulle. Ƙanen Ba'adaren na da kamiyo, zai bi kombuwa na gaba har Damagaram. Zai ɗauke mu da kayanmu duka. Abin da za a ba su, motar.

Na yi tsalle. Na ce gara in tura ta rami. Na ce wannan shi ne abin da yake nema tun farko, ya kashe ta da asiri ya gaje ta. Ta bar ni na gama, sannan ta ce:

"Malam, na ga bindiga a ƙeyarka. Ni zan hau kamiyon nan, ko da kai ko ba kai."

Na kwana biyu ban ci tuwonta ba, ba ta kula ba. Sannan na yarda. Abin da ya sanyaya mini rai ɗaya ne, na san gawa zan ba shi. In asirinsa ne, to ya kwance mu gani, in kuma cuta ce, ni da na san kowace ƙusa a cikinta na kasa, bare mai tallan kwalabe. Har na yi niyyar cire murfina in tafi da shi, in mayar masa da tsumma, don kada ya ci moriyar abu mai kyau. Mai ɗakina ta ce in ji kunya in bar wa mutane abinsu cikakke. Da na bi son raina a wannan kaɗai, da na gyara masa motar ban sani ba.

Ranar tafiya aka loda mu a saman kamiyon, kan buhunan gishiri da fatu, a ƙofar gida. Ina zaune can sama kamar biri na ga ya fito da guduma da ƙusa guda. Ya zaga motar da na turo masa waje, ko kapo bai buɗe ba. Ya tsaya a gefen tanki.

"Akuya, ce ma shef garaji a ba mu makullin kwaɗo."

Na jefa shi ƙasa, nesa da ƙafarsa, don ya sunkuya. Ya sunkuya ya ɗauka. Ya kwance murfina, ya juya shi a hannu yana dubawa, ya ɗora shi a kan dutse, ya saita ƙusar a tsakiya. Ya buga har ta ratsa tagullar da robar duka. Ya zare, ya ɗaga murfin ya leƙa rana ta cikin hujin, ya mayar. Sannan ya karkata gangarsa, ya sassauta ƙaramin baki, ya cika tankin da man nan nasa da na ce rabi ruwa ne.

Ni a sama zuciyata tafasa take, ya ɓata mini murfi. Har lokacin ban gane ba.

A shingen soja na ga ya shigo layi da ita, daidai bayan kamiyonmu. Na gyara zama, na ce yau zan ga wuta. Ajidan ya taho yana huci. Ba'adaren ya leƙo ta taga ya yi masa magana ƙasa-ƙasa, ya nuna murfin, ya nuna ni. Ajidan ya ɗago jajayen idanunsa ya dube ni a kan buhuna, ya fashe da dariya har yana dafa kapo, ya kira wani soja shi ma ya gaya masa. Ya buga wa motar tafi ya wuce.

Wanda ke saman kaya baya yake kallo. Haka na zauna, fuskata da motata, tana biye da mu. Na ƙura wa tulin ƙasar kamfani ido ina jira. Muka zo wurin farko, ta wuce. Muka zo ƙuncin da na durƙusa, ga ma sawun tayarta a yashi, ta wuce tana waƙar nan mai kauri. Na ce bari dai, yanzu za ta yi tari. Tulin ƙasar ya nutse, duwatsu suka canza kama, tana nan, igiyar ƙofa na lilo, gwiwar hannunsa a taga.

A nan ne ƙaramin bakin gangar ya faɗo mini a rai. Mai ba ya fita sai iska ta shiga ta maye wurinsa. In tanki kusan wofi ne, iskar da ke ciki ta ishe ta yawon gari. In na cika shi har wuya na ɗaure, pompo ya ja ya ja har ya rasa abin ja, ta shaƙe. Hucin da nake ji numfashi take ja. Duk lokacin da na buɗe don in kama ɓarawo, na riga na warkar da ita, sauran kwance-kwancen duk wahalar banza ce. Iyakar shirina iyakar saurin mutuwarta. Na tuna dariyar hancin nan ta bayan katanga, na lissafa abin da ya biyo bayanta: tsotson tiyo, kwandon kaji, marin ajidan, bindiga a ƙeya. Yana zaune a bencinsa yana ji, ƙusa na cikin gidansa.

Na juya ga mai ɗakina na ce, "Kin san mugun nan ya sani tun ranar farko?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska saboda rana. "Kai dai riƙe igiya kada ka faɗo."

Har Agadas ba ta yi tari ko sau ɗaya ba. A tasha aka tsaya shan ruwa da salla. Ni ban sauko ba, na ce ƙafata ta yi sanyi. Ya ajiye motar a gefenmu, ya fito ya miƙe, ya zaga ya shafa murfin da tafin hannu kamar mai shafa kan yaro. Daga nan zai juya ya ɗauki kaya ya koma Arlit da kombuwa na gobe, mu kuma mu yi kudu, in shiga garinmu a kan buhun gishiri, in sauko ta tsani a gaban kawunnaina. Haka kuwa aka yi, babbansu har ya tambaye ni ko motar na tafe a baya.

Ba'adaren ya zo ƙarƙashin kamiyon ya tsaya, ya ɗaga kai. Babu akuya a wurin, sai ya dube ni, ni ɗin, karo na farko tun mutuwar itacen. Na tara yawu da zagi iri-iri a baki, na shirya. Shekaru sun wuce, na gyara motocin mutane da dama a ƙofar gidana, kuma duk wadda aka kawo mini murfin tanki nake fara buɗewa in saurara. Na sha shirya masa amsa ina kwance ƙarƙashin mota, wata mai zafi, wata mai ban dariya, babu wadda ta yi. A ranar ma bakina a buɗe ya bar ni ya tafi. Ga abin da ya ce, a hankali, ba ihu:

"Maƙwabci, da ka yi min sallama ko sau guda, da na hwaɗa maka."